Na Tara Ya San Kansa

Kawo, Kaduna
6 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Sharhabil,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da karatunka na injinan shinkafa a can Japan. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta fara ƙorafin damina tun hadari bai gama haɗuwa ba. Innarka Rabi tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu ɗanyen kifi suke ba ka. Ranar Juma'a na leƙa Unguwar Dosa na duba kakarka, ta ce tun da ka tafi babu mai gyara mata rediyo. Ka san ita da marigayiya mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne, saboda haka duk mitarta a kaina take sauka.

Ka yi haƙuri da rubutun. Ni ban iya latse-latsen waya ba, yatsun mai walda ba na wannan aikin ba ne. A takarda nake rubutawa in ɗauki hoto in tura maka. In ka ga baƙin tabo a gefe, babban yatsana ne.

To ga magana. Ranar Asabar 22 ga Yuni mutanen Ilori za su zo mu kara, kuma tare da su akwai mutumin da ke zagaya ƙasa yana zaɓen 'yan besbol masu ƙasa da shekara ashirin, waɗanda za a kai sansanin horo. Shekara goma sha huɗu ina jan ƙungiyar Tartsatsin Kawo a filin firamaren nan na bayan tasha, mutane suna wucewa suna cewa ga masu dukan ƙwai da taɓarya, yau ga shi an tuna da mu. Wasa ɗaya tak zai kalla, ya rubuta abin da ya ga dama, ya hau mota. Kuma ba ka manta halin filinmu ba: a idar da azahar mu fara, a kira la'asar 'yan ƙwallon ƙafa su shigo da ragarsu, ko da ƙwallonmu tana sama.

Tun da labarin nan ya zo na kasa zama wuri ɗaya. Shekaranjiya na liƙa wa wata baiwar Allah ƙyauren ƙofa a juye, sai da ta zo ɗauka ta nuna min. Ni Labaran, da girmana!

Jerin masu bugu ne ya hana ni sakat. Aminu na ɗaya, wannan babu gardama, yaron gudu kamar an koro shi. Amma waye na huɗu? Ka taɓa gaya min a can wajenku na huɗu shi ne sarkin bugu, shi ake jira ya kwaso waɗanda suka tsaya a tashoshi ya dawo da su gida. Lawan ɗan Alhaji Ado na Babbar Kasuwa ne a wurin tun bara. Kabiru kuma hannunsa ya buɗe kwanan nan. Wanne zan sa? Kai ka yi shekara biyar kana tsugune a bayan masu bugu kana cafke mana ƙwallo, ka san hannun kowa fiye da ni. Ga jerin nan na rubuta a bayan takarda, ka duba.

Ka amsa da wuri, kada ka yi min irin na bara.

Kawunka,
Labaran


Okayama, Japan
11 ga Mayu

Zuwa ga Kawu Labaran,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso da tabon yatsa da komai, har sai da na ji kamar ina shaƙar ƙaurin shagonka. Ina lafiya, alhamdulillahi. Ka ce wa Inna Rabi na koyi dafa kifin da kaina, kunya ce kawai ta hana ni tambayarta yadda ake miyar kuka. Allah ya sawwaƙe gwiwa, ka rage tsugunno.

Na yi murna ƙwarai da labarin mai zaɓen nan. Amma Kawu, na juya bayan takarda na ƙirga, na sake ƙirgawa. Sunaye takwas na gani. Layi na tara babu komai sai lamba. Na san wanda ke wurin, domin tun ina nan haka ake yi: Isiyaku ne, ɗanka.

Ka tambaye ni tsakanin Lawan da Kabiru, ni kuwa ina ganin ba can maganar take ba. Dukansu biyu in an haɗa ba su kai Isiyaku ba, kuma duk Kawo an sani. Wa ya aika ƙwallo ta tsallake katangar makaranta ta faɗa garejin makanikai sau uku a wata guda? Ni na tsuguna a bayansa, na san ƙarar gorarsa. Ko idona a rufe zan gane shi.

Ka bar ni in yi maka lissafin da abokaina na nan suka koya min. Mutum tara ne ke bugu bi da bi, in aka fitar da uku zagaye ya ƙare, abokan karawa su karɓa. Tsakanin azahar da la'asar da ƙyar mu samu zagaye uku, in Allah ya taimaka huɗu. Idan mai jifan Ilori ya yi zafi, na tara sau ɗaya zai riƙe gora, wataƙila ma ko sau ɗaya ba zai samu ba. Ka tuna wasanmu da mutanen Zariya, da ruwa ya sauko Isiyaku yana tsaye da gora a kafaɗa, layi bai zo kansa ba? Ya yi wanki ya yi guga ya zo ya koma gida bai bugi komai ba.

Gaskiya ne a nan na huɗu ke da daraja, tsofaffi har hula suke cire masa. Amma masu lissafi na yanzu suna cewa gwaninka ka sa shi na biyu, domin layi ya yi saurin dawowa kansa. A filin da ladan ne ke busa tashi, ni na biyu zan sa shi. Lawan ya zauna a na huɗunsa, ba wanda ya taɓa shi, Alhaji Ado ba shi da abin cewa.

Isiyaku zai cika ashirin a watan Satumba. Wannan zaɓen shi ne na farko a gare shi, kuma shi ne na ƙarshe. In ya zauna a na tara ranar nan, Kawu, ba a yi masa adalci ba.

Ka gafarce ni in na zaƙe.

Ɗanka,
Sharhabil


Kawo
13 ga Mayu

Sharhabil,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Ka ji min yaro! Wato ni ne azzalumi. Na tambaye ka abu ɗaya, ka tsallake ka je ka ɗauko wani, ka ɗora min wa'azi da lissafin mutanen Japan. Adalci! Wa ya sassaƙa wa yaron nan gorarsa ta farko da icen maɗaci yana shekara shida? Wa ya ɗinke masa safar hannu da zaren buhu sau bakwai? Kai da ka zo filin nan da majina a hanci, yau kai ne za ka koya min yadda uba ke riƙe ɗansa?

In na ɗaga shi sama, gobe a rumfar mai shayi ta bakin tasha me za a ce? Labaran ya kafa ƙungiya shekara goma sha huɗu don ya tallata ɗansa. Iyayen yaran nan sun ba ni amanar 'ya'yansu ne saboda sun ga nawa yana can ƙarshe. Ɗan fari ne kuma, in ka manta. Mu ba a haife mu a inda uba ke tafa wa ɗan farinsa a bainar jama'a ba. Ni ma ɗan fari ne, mahaifina har ya koma ga Allah bai taɓa yaba min a gaban mutane ba, kuma ga ni ban mutu ba.

Na tara yana nan inda yake. In mai zaɓen yana da ido zai gan shi ko a ina.

Ba sai ka amsa ba in lissafi za ka sake aiko min.

Labaran


Kawo
27 ga Mayu

Yaya Sharhabil,

Salam. Ya karatu, ya sanyi ko zafi, ban san wanne kuke ciki ba. Ni lafiya. Na kira ka sau biyu wayarka a kashe, shi ya sa na rubuto.

Ban san me ka rubuta wa Baba ba, amma mako biyu ke nan kowa a gida yana taka ƙasa a hankali. A fili kuma ya ƙara min gudu zagaye biyar ba laifin komai. Na gane maganata ce. Don Allah ka bar shi haka, kada ku ɓata saboda ni.

Ina so ka ji daga bakina kafin ka ji a wani wuri. Wani abokina Ja'afaru yana aikin waldar bututu a Fatakwal, ya ce ogansu yana neman hannu. Na ce masa ina zuwa bayan wasan Ilori. Jakata tana ƙarƙashin gado, na riga na haɗa. Inna ta gani, sai na tarar ta saka min yaji da kuka a ciki. Baba bai sani ba, ko kuma ya sani yana yi kamar bai sani ba, ka san shi.

Ba fushi nake ba, Yaya, gajiya na yi. Ka san yadda yake yi kafin kowane wasa: mu jeru, ya buɗe takarda, ya kira suna ɗaya ɗaya da wannan muryar tasa, kowa ya amsa "Na'am, Koci." In ya kai na takwas sai ya ninke takarda ya ce, "Na tara ya san kansa." Yara su yi dariya, ni ma in yi. Layin ma ni nake cike sunana da biro kafin a miƙa wa alƙalin wasa. Tun ina shekara goma sha ɗaya nake wannan dariyar, yanzu ta daina fitowa.

A gida "kai" nake, a shago "kai", a fili "na tara". Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne. Amma in mutumin nan ya zo ya tafi bai gan ni ba, me zan zauna in yi a Kawo? In ci gaba da jiran layi?

Zan buga wasan, ba zan ba shi kunya ba. In layi ya zo kaina, to. In bai zo ba, Lahadi da safe ina tasha.

Kada ka gaya masa na rubuto.

Ƙanenka,
Isiyaku


Kawo
9 ga Yuni

Ɗana Sharhabil,

Assalamu alaikum. Kana lafiya kuwa? Yau kwana ashirin da bakwai ban ji ɗuriyarka ba. Na ce ba sai ka amsa ba, shi ke nan sai ka ɗauka da gaske? Tun yaushe ka fara jin maganata haka? Na je wurin kakarka ko ta ji daga gare ka, ta ce a'a, ta kuma tsare ni da tambayar me na yi maka. Na ce ban yi komai ba. Ta ce ƙarya nake, tun ina yaro in na yi laifi kunnena ke motsi.

Mu lafiya, gwiwa ce dai. Ruwa ya zauna sosai, kullum da rana sai hadari ya taso ta wajen Malali. Sau uku a makon nan yana korar mu daga fili tun kafin 'yan ƙwallon ƙafa su kore mu.

Na ga jakar. Na shiga ɗakin yaran neman filaya na hango ta ƙarƙashin gado, har da takalmin aikinsa a ɗaure a jiki. Na tambayi innarka, ta juya min baya tana ta tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe, can ta ce, "Fatakwal." Kalma ɗaya. Na fita na koma shago na kunna inji, na tsaya riƙe da ƙarfe ban san me zan liƙa ba.

Na sake karanta takardarka. Sau nawa ma, oho. Ba ka ce ni azzalumi ba ne, na duba babu kalmar a ciki, ni na saka ta da kaina. Lissafinka kuma daidai ne, na gwada shi da alli a jikin ƙofar shago, ta kowace hanya na bi sai ya fito yadda ka faɗa. Har wani mai babur ya tsaya yana tambaya ko na fara koyar da darasi ne.

To bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, in ka yi dariya Allah ya isa. Maganar rumfar mai shayi da Alhaji Ado duk hayaƙi ne. Alhaji Ado da bakinsa ya tare ni a masallaci ya ce, "Malam Labaran, wai yaron nan naka laifin me ya yi?" Gaskiyar ita ce na tara ne kaɗai layin da zan iya tsallakewa ban kira suna ba. Shi ke nan. Ba wata dabara, ba wani tsari.

Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ne a kansa. Ranar suna da liman ya raɗa, ni ina can bayan gida na ɓuya, kamar yadda aka san uban ɗan fari yana yi. Tun daga ranar har yau, shekara goma sha tara da wata tara, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Da ya shiga ƙungiya yana ƙarami na sa shi a ƙarshe, dama nan ne wurin ƙananan yara, na samu sauƙi. Sai yaro ya girma, hannu ya buɗe, ya wuce kowa, ni kuma na kasa matsar da shi, domin in ya hau sama dole in kira shi a gaban mutane.

Jiya bayan kowa ya tashi na rufe shago na gwada. Ni kaɗai, ba kowa sai janareta. Na buɗe baki, wallahi Sharhabil sai na ga fuskar Baba, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaura masa guduma. Na ce "na biyu", na tsaya. Na sake cewa "na biyu". Sai na buɗe shago na tafi gida.

Saura kwana goma sha uku. Ka ce wani abu, ko zagi ne.

Kawunka,
Labaran


Okayama
14 ga Yuni

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ka yafe min, wallahi ba fushi na yi ba. An kwashe mu zuwa wani ƙauye cikin duwatsu gwajin injin dashen shinkafa, wayata ta faɗa cikin taɓo tun kwana na biyu. Jiya na dawo na gyara, na tarar da takardunka biyu a jere, ta faɗa da ta sulhu. Na gode Allah da na karanta su tare. Ina lafiya, sai ciwon baya. Barka da Sallah tun kafin jibi, a ci nama da ni a zuciya.

Ban yi dariya ba, Kawu. Shekara biyar ina jin kana cewa "na tara ya san kansa", na ɗauka barkwanci ne irin naka.

Da farko na so in ba ka hanya mai sauƙi: ka miƙa wa Aminu takardar ya karanta, tunda shi ne kyaftin. Na rubuta haka ma, na goge. Shekara goma sha huɗu kai ke karantawa, in ka miƙa wa wani ranar nan kowa zai gane dalili, Isiyaku ma zai gane. Zai hau na biyu, amma zai san ko a nan ɗin ma tsallake shi ka yi.

Ni yaro ne, ba ni zan ce al'adar iyayenmu ba ta da kyau ba. Kunyar ɗan fari ƙauna ce, na sani, shi ma ya sani. A gida ka ci gaba da ce masa "kai" har tsufa, ba mai hana ka. Amma a filin nan yara ba Baba suke ce maka ba, Koci suke cewa. Koci kuwa yana da 'yan wasa tara, kowanne da sunansa. Marigayi Malam Isiyaku, yadda kakata ke ba ni labarinsa, mutum ne da ba ya son a tauye ma'aikaci. Ban jin zai ji haushi don an kira sunansa a kan yaron da ya iya aikinsa.

Akwai abin da aka roƙe ni kada in faɗa, ba zan faɗa ba. Abin da zan ce kawai, ba na biyun ne ya fi damun mai jakar nan ba.

Ka rubuto min ranar Asabar ɗin, ko me ya faru. Zan riƙe wayar da hannu biyu.

Ɗanka,
Sharhabil


Kawo
1 ga Yuli

Ɗana Sharhabil,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, gwiwa ma ta yi sauƙi, ko kuma na manta da ita. Na ga kiranka goma sha ɗaya. Ka sha jira kwana tara, to ka ɗanɗana abin da ka ba ni. Ban iya rubutawa ba sai yau, ka bari in bi da kai daki-daki.

Ranar Asabar tun hantsi hadari ya fara haɗuwa ta wajen Malali. Mutanen Ilori suka iso da kaya iri ɗaya fes, mai jifansu wani dogo kamar turken lantarki. Mai zaɓen kuwa ɗan gajere ne da laima da littafi, aka ba shi kujerar hedimasta ya zauna. Jama'a sun cika bakin fili, har masu dariyar taɓarya. Alhaji Ado ya rufe rumfarsa ya zo.

Takardar tana aljihuna tun asuba, na cike layi tara da hannuna. Da aka idar da azahar yara suka jeru. Na buɗe. Na ce, "Na ɗaya, Aminu." Ya ce, "Na'am, Koci." Na ce, "Na biyu."

Na tsaya. Ina jin kwandastoci a tasha suna kiran Zariya, Zariya. Mustapha, wanda ya saba zama na biyu, har ya buɗe baki zai amsa. Shi kuwa mutumin naka yana can ƙarshen layi a durƙushe yana ɗaure igiyar takalmi, don ya san ba a bukatarsa yanzu. Na ce a raina, Baba ka yafe min. Na rufe ido na kira sunan. Kuma ka san muryata ba ta iya ƙasa-ƙasa ba, har masu gyaran mota sai da suka ɗago.

Bai amsa ba. Wallahi waiwayawa ya yi bayansa, yana neman wani mai sunan. Sai da Kabiru ya zungure shi. Ya miƙe, igiyar takalmi ɗaya a kwance, ya dube ni, ni kuma na dubi takarda. Maimakon ya ce "Na'am, Koci" kamar kowa, sai ya ce, "Na'am, Baba." Ba wanda ya yi dariya. Yadda na karanta sauran bakwai ɗin, kada ka tambaye ni.

To ka ji abin haushi. Aka fitar da Aminu, mutumin naka ya shiga. Dogon nan ya jefo ta farko, ya kai mata duka ya sami iska. Ta biyu, iska. Ta uku ko motsi bai yi ba, ta wuce. An fitar da shi! Yaron da ke aika ƙwallo gareji! Da ya wuce ta gabana na ga idonsa cike da ruwa, ashe ko ƙwallon ba ya gani. Na ce shi ke nan Labaran, shekara goma sha tara ka yi shiru, ranar da ka buɗe baki ka kashe yaro. Na hango mai zaɓen yana hamma. Na tsine maka a zuciya, kai da Japan da lissafinku, ka yafe min.

Zagaye na biyu mutum huɗu suka shiga, ba maki. Ilori suna da biyu, mu ba ko ɗaya. Sama ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe hulunan mutane, 'yan ƙwallon ƙafa sun riga sun iso suna jingine da ragarsu suna duba agogo. Zagaye na uku na takwas ya fita, na tara ya fita. Aminu ya ɗan taɓa ta ya zura da gudu ya tsira a tashar farko. Sai ga layi ya dawo kan na biyu.

Ya goge fuska da hannun riga, ya ɗaure igiyar takalmin nan da ta yi ta ja tun ɗazu. Jifa ta farko. Sharhabil, ka ce ko idonka a rufe za ka gane ƙarar. Ni idona a buɗe yake amma ban ga inda ta bi ba, sai ihun makanikai na ji daga bayan katanga. Biyu da biyu. Yana taka gida ɗigon farko ya sauka, kafin Kabiru ya ɗauki gora ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, kowa ya yi ta kansa. Wasan ke nan.

Ka lissafa da kanka. Na tara sau ɗaya ya riƙe gora ranar nan. Shi kuwa na farkon ya zubar, na biyun ne ya cece shi.

Muna fake a barandar aji ɗaya mai zaɓen ya matso, littafinsa a ƙarƙashin riga, ya ce, "Koci, wannan na biyun, ya sunansa cikakke?" Na waiga ko wani zai amsa, duk suka zuba min ido, 'yan banza, har da Alhaji Ado yana murmushi. Na faɗa. Ya ce in maimaita a hankali zai rubuta. Na maimaita. Sau uku ke nan a yini ɗaya.

An ɗauke shi zuwa sansanin horo, shi da Aminu. Jakar nan ta ƙarƙashin gado ita ya ɗauka, sai dai ya cire takalmin walda ya saka safar hannu. Yajin innarka yana ciki.

Yau da safe na raka su tashar Kawo. Na yi niyyar in yi masa nasiha, na shirya ta tun jiya, da muka je sai na ce ya riƙa sallah a kan lokaci, ya ce to. Muka tsaya kamar baƙi. Mota ta cika, direba ya tayar, ta fara gangarawa bakin titi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, ba takarda a hannuna, ba fili, ba Koci. Na ce, "Isiyaku!"

Direba ya taka birki. Yaron ya leƙo ta taga ya ce, "Na'am, Baba, na manta wani abu ne?"

Na ce, "A'a. Ku tafi."

Ka gaida mutanen Japan. Ka ce musu na biyu ne.

Kawunka,
Labaran